Rauta Biyu a Gida Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Raba Intanet ɗin Gida

Gidaje da yawa layin intanet ɗaya gare su, amma masu hawansa ba iri ɗaya ba ne. Ga maigida da iyalinsa, ga 'yan haya a ɗaya sashen, ga shago a ƙofar gida, ga baƙin da kafin su sha ruwa sun nemi fasawod, ga kuma kyamarorin tsaro da talabijin da su ma sai da intanet suke aiki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawa a bakin masu son raba waɗannan duka ta hanyar ƙara rauta ta biyu, wato na'urar da ke raba intanet ta waifai da kebul.

Mene ne amfanin rauta ta biyu, tunda ta farkon tana aiki lafiya?

Duk na'urorin da suka hau rauta ɗaya suna iya ganin juna. Wayar ɗan haya tana iya lalubo firintarka, ta kai ga akwatin da ke naɗar hotunan kyamarorinka, ta tura bidiyo zuwa talabijin ɗin falonka. Idan ka taɓa buɗe wasu fayiloli a kwamfuta don 'yan gida su riƙa ɗauka, su ma suna fili. Ba sai mutum yana da mugun nufi ba, domin wayar da ta kwaso bairos da kanta take lalube, mai ita bai ma sani ba.

Rauta ta biyu, idan an jona ta daidai, tana buɗe wata sadarwa daban mai nata jerin adireshi, wato lambobin da ake gane kowace na'ura da su, da nata shinge. Layin intanet yana nan ɗaya, kuɗin wata ma ɗaya, amma na'urorin sun rabu gida biyu.

Na ba ta wani sunan waifai da wata kalmar sirri. Ai shi ke nan na raba ko?

A'a. Suna da kalmar sirri aikinsu tantance wanda zai hau. Abin da zai iya gani bayan ya hau kuwa ya dogara ne da yadda aka soke kebul da yadda aka saita rautar. Akwai gidajen da ke da sunayen waifai uku, amma a ciki sadarwa ɗaya ce tal.

To a wace kafa zan soke kebul ɗin?

Juya rautar ka dubi bayanta. Za ka ga kafa ɗaya ta fita daban, galibi da wani launi, an rubuta WAN ko Internet a kanta. Sauran, huɗu ko ƙasa da haka, su ne LAN. Kebul kullum daga kafar LAN ta rautar farko yake fitowa. Inda ya sauka a jikin ta biyu shi ne ke yanke hukunci.

Idan ya shiga WAN, rauta ta biyu za ta ɗauki ta farkon a matsayin kamfanin da ke ba ta intanet. Za ta karɓi adireshi guda ɗaya daga wurinta, sannan ta raba wa nata na'urorin wasu adireshin daban, ta kafa shinge a tsakani. Wannan shi ne haɗin rabawa.

Idan kuwa ya shiga LAN, aka kashe DHCP ɗinta, wato aikinta na raba wa na'urori adireshi, to ta zama ƙarin eriya kawai. Masu gyara sun fi son wannan haɗin, kuma da gaskiyarsu, domin shi ne ke kai waifai saman bene ko bayan gida ba tare da rigima ba. Amma ba ya raba kowa da kowa. Haka ma idan ka zaɓi Access Point a cikin saiti: ko da kebul ɗin yana cikin WAN, rautar ta ajiye shingenta. Saboda haka idan ka kira mai gyara, ka faɗa masa baki da baki cewa rabawa kake so ba ƙara nisa ba, in ba haka ba wanda ya saba da shi zai yi maka.

Wa zan ɗora a kan ta farko, wa zan ɗora a kan ta biyu?

Nan ne mafi yawan mutane ke yin abin a juye, kuma idan amsa ɗaya za ka karanta a shafin nan, ka karanta wannan.

Hankali yana ba mutum cewa rautar da kamfani ya kawo ita ce tasa, ta biyun kuma ta baƙi. A aikace akasin haka ne. Shingen rauta fuska ɗaya gare shi: yana barin na ciki ya fita, yana hana na waje shigowa sai dai in amsa ce ga maganar da na ciki ya fara. A wurin rauta ta biyu kuwa, duk abin da ke kan ta farko waje ne. Ka ɗauki ta farkon zaure, ta biyun cikin gida. Na cikin gida ta zaure yake bi ya fita, yana ganin duk wanda ke zaune a wurin, amma na zaure ba shi da ikon leƙa ciki.

Ke nan idan ka ja kebul zuwa sashen 'yan haya ka kafa musu rauta ta kafar WAN, kai kuma ka ci gaba da zama a kan ta farko, su ka kāre, kai kana fili. Idan ɗayansu ya rubuta adireshin akwatin kyamararka a wayarsa, a ce 192.168.8.50, shafin shiga zai buɗe masa, saura kalmar sirri kawai. Kai kuwa ba ka da hanyar kaiwa ga tasu na'urar. Abin da ke ruɗar mutane shi ne bayan an yi wannan haɗin firinta da talabijin suna daina bayyana a wayoyin 'yan hayar, sai a ɗauka an rabu. Sun daina bayyana ne a jeri kawai, hanyar tana nan ga wanda ya san adireshi, kuma manhajojin lalubo adireshi kyauta suke.

Don haka abin da kake tsoron a taɓa shi ke komawa bayan rauta ta biyu: wayoyin iyali, kwamfutar aiki, wayar da kake harkar banki da ita, firinta. Baƙi da 'yan haya da shago su zauna a kan ta farko. Ba sai rauta ta biyun ta yi nisa ba, tana iya zama kusa da ta farko a kan teburi ɗaya da ɗan guntun kebul. Sai dai sharaɗi biyu. Ka canza kalmar sirrin shiga saitin rautar farko, domin duk wanda ke kanta yana iya buɗe shafin, kuma admin ce kalmar da kowa zai fara gwadawa. Sannan rautocin biyu su zauna a inda hannunka kaɗai ke kaiwa.

'Yan haya biyu gare ni, ga shago. Ba na son kowa ya ga kowa. Yaya zan yi?

Sai ka ba kowane ɓangare rautarsa. Ta farko ta koma mai rabawa kawai, ka kashe waifai ɗinta gaba ɗaya. Daga kafofinta na LAN ka ja kebul zuwa WAN na rautar iyali, wani zuwa WAN na rautar ɗan haya na farko, wani na biyu, wani na shago. Kowa yana bayan nasa shinge, babu mai kaiwa ga wani. Kada ka jona ta uku a bayan ta biyu, domin na ƙarshe zai riƙa ganin duk waɗanda ke gabansa.

Ko ɗan haya ɗaya gare ka, ni wannan tsarin na fi so idan aljihu zai ɗauka. Dalili shi ne a tsarin rauta biyu bayananka suna ratsawa ne ta sadarwar da baƙi ke kai kafin su fita. Yawancin shafuka da manhajojin yanzu suna kulle abin da ke cikin saƙo, don haka haɗarin bai kai na da ba, amma gwani yana iya karkatar da hanyar ya ga aƙalla wuraren da kake ziyarta. Idan babu kowa a kan rautar tsakiya, wannan ƙofar ta rufe. Wata 'yar kafa ta rage: ɗan haya yana iya zare kebul daga rautarsa ya soke a kwamfutarsa, ya faɗo kan ta tsakiyar. Ko a haka bai shiga taka ba.

Idan ɓangarorin sun wuce huɗu, tara ƙananan rautoci ya zama wahala da ɓarnar soket. Gara a sayi guda ɗaya mai iya yanka sadarwa kashi-kashi ta hanyar VLAN, irin na kamfanin MikroTik na ƙasar Latbiya, a nemo wanda ya iya ya saita ta.

Yaya ake saita ta, daga farko har ƙarshe?

Kada ka jona su tukuna. Kunna ta biyun ita kaɗai. Idan an taɓa amfani da ita, nemi ɗan ramin da aka rubuta Reset, ka danna da tsinke ko allura kamar daƙiƙa goma har fitilun su yi ƙyaftawa, ka bar ta ta sake tashi. Juya ƙarƙashinta, akwai takarda a manne mai ɗauke da sunan waifai da kalmar sirri da adireshin shiga. Hau waifai ɗin da wayarka, kuma ka kashe datar waya, domin idan wayar ta ga babu intanet a kan waifai sai ta koma kan sim a ɓoye, shafin ya ƙi buɗewa kana ta zargin rautar.

Rubuta adireshin a burauza. TP-Link da Tenda galibi 192.168.0.1 ne, wasu kuma 192.168.1.1. Abu na farko, sa sabuwar kalmar sirri ta shiga saiti, wadda ba ita ce ta waifai ba.

Sai adireshi, wanda shi ne ƙashin bayan aikin. Dubi lamba ta uku. Rautocin sim na Huawei yawanci 192.168.8.1 suke, lambarsu ta uku 8 ke nan. Dole lambar ta biyu ta bambanta da ta farko. Shiga ɓangaren LAN ka mayar da adireshin, misali, 192.168.20.1, ka bar 255.255.255.0 yadda yake. Rautar za ta mutu ta taso, shafin zai ɓace. Ba lalacewa ta yi ba, ta koma sabon adireshin ne, shi za ka rubuta yanzu. Ba kowace lamba ake ƙirƙira ba: tun 1996 aka keɓe wa sadarwar cikin gida waɗanda suka fara da 192.168, da waɗanda suka fara da 10, da kuma daga 172.16 zuwa 172.31. Ka tsaya a cikinsu.

A ɓangaren WAN zaɓi Dynamic IP. DHCP a bar shi a kunne. Ba waifai suna, zaɓi WPA2 ko WPA3, ka sa kalmar sirri mai tsawo, baƙaƙe goma sha biyu ko fiye, ba lambar wayarka ba kuma ba sunan autarka ba. Kashe WPS, hanyar hawa waifai da maɓalli ko gajeriyar lamba, wanda tun 2011 aka gano cewa ana iya fasa lambarsa. Kashe damar sarrafa rautar daga waje, wadda ake rubutawa Remote Management, domin a wannan tsarin “waje” yana nufin baƙinka.

Yanzu soke kebul daga LAN na ta farko zuwa WAN na ta biyu. Buɗe shafin Status. Idan ka ga adireshin WAN ya fara da lambobin ta farko, kamar 192.168.8.101, aiki ya yi.

Waifai ya kama, amma babu intanet. Me ya faru?

Mafi yawan lokuta adireshin ne ya yi karo, wato duka biyun suna kan 192.168.0 ko 192.168.1, sai ta biyun ta rasa ina ne ciki ina ne waje. Wasu rautocin suna gane karon su gyara da kansu, wasu sai ka gyara musu. Idan ba wannan ba ne, duba ko WAN yana kan PPPoE, saitin da aka bari daga wani tsohon kamfani. Idan adireshin WAN yana nuna 0.0.0.0, ka fara zargin kebul ko kansa da ba a matse da kyau ba. Gwada da wani guntun kebul kafin ka taɓa saiti.

Rauta ta biyu za ta ƙara mini gudu ko ta rage cin data?

Ko kusa. Data ɗaya ce ake ci, gudun ma ɗaya ake rabawa. Tana ma iya rage maka. Ƙananan rautoci masu araha, irin TL-WR840N da TL-WR841N da suka cika kasuwa, kafofinsu ba sa wuce megabit 100 a daƙiƙa. Ga mai layin 4G wannan ba komai ba ne. Ga mai faiba ko 5G ko Starlink kuwa asara ce, sai ya nemi wadda aka rubuta Gigabit a kwalinta.

Abin da za ta iya yi shi ne ƙayyade rabon kowa. Rautoci da yawa suna da Bandwidth Control ko QoS, inda za ka ce sashen 'yan haya kada ya wuce kaza. Ya fi kyau a sa iyakar a kan rautar da ke hannunka, domin wadda ke ɗakin ɗan haya tsinke ɗaya ya isa ya goge duk abin da ka saita.

MiFi gare ni, ƙaramar rautar sim ta aljihu, babu inda ake soke kebul. Babu dama ke nan?

Akwai. Nemi rauta mai yanayin da ake rubutawa WISP. Tana kama waifai ɗin MiFi a matsayin WAN ɗinta, sannan ta fitar da nata waifai da nata adireshin, da shinge kamar na kebul. Kada ka rikita shi da Repeater ko Range Extender, waɗannan maimaitawa kawai suke yi, ba sa rabawa. Gudun yakan ragu sosai, wani lokaci har rabi, domin rediyo ɗaya ke karɓa shi ke turawa. Amma akwai wata riba: MiFi tana da iyakar yawan na'urorin da take ɗauka, kuma duk waɗanda ke bayan rauta ta biyu guda ɗaya take ƙirga su.

Starlink fa?

Tun da ta fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2023, Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam, ta zama layin da ake haɗa kuɗi a ja, don haka wannan tambayar ta yi yawa. Rautar zubi na biyu ba ta da kafar kebul, sai an sayi adafta daban. Ta zubi na uku tana da kafa biyu a baya, a ƙarƙashin wani murfin roba. Rautar tana kan 192.168.1.1, farantin kuma yana kan 192.168.100.1, don haka kada lambarka ta uku ta zama 1 ko 100.

A manhajar akwai Bypass Mode, wanda ke kashe rautar Starlink ya miƙa wa taka ragamar komai. Idan rabawa kake so da rauta biyu kacal, kada ka kunna shi, domin za ka koma sadarwa ɗaya. Kuma ba a fita daga cikinsa sai an mayar da rautar yadda ta fito daga kamfani.

Rautata tana da waifai na baƙi. Wannan bai wadatar ba?

Sau da yawa ya wadatar, kuma shi ya kamata ka fara gwadawa kafin ka kashe ko sisi. Kunna Guest Network, ka tabbatar zaɓin da ke ba baƙi damar shiga sadarwar gida a kashe yake. Ga baƙon da zai yi sa'a biyu a falo, ba ka bukatar abin da ya fi wannan.

Inda yake gazawa shi ne nisa da kebul. Ba ya kaiwa sashen da ke bayan bango uku na bulo, kuma na'urar da aka jona da kebul ba ta shiga cikinsa. Wasu rautocin sim ma ba su da shi, wasu kuma suna ne kawai, babu shinge. Idan rautar tana aiki ne a matsayin Access Point, kada ka amince da shi sai ka gwada.

PlayStation ɗin yara yana ƙorafin NAT tun da na ƙara rauta. Mene ne wannan?

Kowace rauta tana ɓoye adireshin na'urorinta a bayan nata guda ɗaya idan za su fita. Shi ne NAT. Da rauta biyu, ana yin ɓoyon sau biyu. Kallon bidiyo, WhatsApp, banki, duk ba ruwansu. Masu jin jiki su ne wasannin da wani ɗan wasa daga waje ke bukatar ya haɗu da na'urarka kai tsaye. PlayStation yana iya nuna nau'i na 3, wanda ya fi takura, Xbox kuma yakan faɗa ƙarara cewa ya ga NAT biyu.

Mafi sauƙi, mayar da na'urar wasan kan rautar farko, ai babu wani sirri a cikinta. Amma kafin ka ɗora wa rauta ta biyu laifi, dubi adireshin WAN na ta farko. Idan ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, to kamfanin da kansa ya riga ya ɓoye ka tare da wasu masu yawa a bayan adireshi ɗaya. Haka layukan sim da yawa suke, haka ma Starlink na gida. A nan ko ka cire rauta ta biyu matsalar tana nan.

Firinta da talabijin sun ɓace daga wayata. Ina suka shiga?

Suna ɗaya ɓangaren. Waɗannan na'urori suna sanar da kansu ne ta wani kira da ba ya tsallake shingen rauta, shi ya sa Chromecast mai tura bidiyo zuwa talabijin da AirPrint mai tura takarda zuwa firinta ba sa aiki sai waya da na'urar suna sadarwa ɗaya. Dawo da su inda wayarka take. Firintar da ke kan rautar farko kuma ana iya ƙara ta a kwamfuta da hannu, ta rubuta adireshinta.

Kyamarorin tsaro a wane ɓangare za su zauna?

Ba tare da wayoyin iyali ba. Kyamara mai araha ƙaramar kwamfuta ce da ba kasafai ake sabunta manhajarta ba, kuma mutane da yawa suna barin kalmar sirrin da ta zo da ita. A watan Oktoban 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta tara dubban kyamarori da akwatunan naɗa irin waɗannan, ba da wata dabara ba face gwada jerin kalmomin sirrin kamfani wajen sittin, aka yi amfani da su aka kai wa kamfanin Dyn na Amurka hari, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa ga ɗimbin mutane. Masu kyamarorin ba su ma san da su aka yi ba.

Idan babu baƙi a gidan, kyamarori su zauna a kan rautar farko, kai a ta biyu. Wannan tsarin ya yi daidai, domin kai kana iya kaiwa gare su, su ba sa iya kaiwa gare ka. Idan kuwa 'yan haya suna kan ta farkon, kyamarar ta cancanci tata rautar, don ba ka son maƙwabci yana ƙwanƙwasa shafin da ke nuna tsakar gidanka. Manhajojin kallo daga nesa, irin Hik-Connect, suna aiki ko da NAT biyu ne, domin akwatin ne ke fara tuntuɓar waje.

Zan iya ware wa yara tasu rautar?

Ƙwarai, kuma yana cikin amfanin da ya fi burge ni. A saitin DNS na rautar yaran, wato inda take neman adireshin shafuka, sa 1.1.1.3 da 1.0.0.3 na Cloudflare, ko 208.67.222.123 da 208.67.220.123 na OpenDNS. Dukansu kyauta ne, suna toshe shafukan batsa. Rautoci da yawa kuma suna da jadawalin da zai kashe waifai da ƙarfe goma na dare ya kunna da safe, ba tare da ya taɓa naka ba.

Kada dai ka saki jiki. Wannan ba ya tace abin da ke cikin TikTok ko YouTube, shafi sukutum yake toshewa ko ya bari. Yaron da ya sa VPN, manhajar da ke bi da waya ta wata ɓoyayyiyar hanya, ko ya canza DNS a wayarsa ya tsallake. Kuma tun daga Android 10 waya tana iya nuna kalmar sirrin waifai da lambar QR, don haka idan ka miƙa wa yaro wayarka a buɗe na minti ɗaya, yana iya komawa kan rautar manya.

Wane kebul zan saya, kuma iya ina zai kai?

Cat5e ko Cat6, kuma kada ya wuce mita 100 daga rauta zuwa rauta. Ka tambayi mai shago ko jan ƙarfe ne zalla, domin akwai mai araha wanda alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, yana saurin karyewa kuma ba ya jure dogon zango. Kankare bakin wayar da wuƙa, idan fari ya fito a ciki ka gane shi.

Idan zai ratsa tsakar gida, a sa shi cikin bututun roba a binne, ko a sayi wanda aka yi don waje. Na cikin ɗaki rana tana busar da bayansa ya tsattsage, ɓera ma yana son sa. Kada a ɗaure shi tare da wayar wuta. Kebul ɗin da aka rataya a sama tsakanin gini biyu kuwa haɗari ne da damina: ba sai aradu ta faɗa kansa ba, ko kusa ta sauka tana iya ƙona kafofin rautocin biyu lokaci guda. A sa masa makarin tsawa a kowane baki, ko a zare shi idan hadari ya taso.

Tun da na ajiye su kusa da juna waifai ke yankewa. Me zan gyara?

Tasha ɗaya suke magana a kai. A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne ba sa shiga juna: 1, 6 da 11. Ba ɗaya 1, ɗayar 11. Idan suna da 5 GHz, ɗora na'urorin da ke kusa a kansa, ya fi gudu, sai dai ba ya ratsa bango sosai.

Idan an ɗauke wuta fa?

Ta biyu ba ta da intanet sai ta farko tana kunne, don haka idan ɗaya kawai za ka sa a inbata, ta farkon ce tilas, amma ɓangaren da ke kan ta biyun zai zauna shiru. Rauta ba ta cin wuta, ƙaramin batirin da ake sayarwa don rautoci yana riƙe biyu na wasu sa'o'i. Karanta jikin cajar kafin ka jona: wasu 9V ne, wasu 12V, kuma kawunansu sukan yi kama.

Zan iya karɓar kuɗi a hannun waɗanda na ja wa?

Karanta sharuɗɗan kamfaninka, domin tsarin gida galibi ya hana sayarwa, kuma a Najeriya sana'ar sayar da intanet tana bukatar lasisin hukumar NCC. Ka kuma tuna cewa rabawar a cikin gida ta tsaya. A idon kamfani duk abin da ya fita ta layin naka ne, kuma idan rautar sim ce, sim ɗin da lambarka ta NIN aka yi masa rajista. Ka san wanda kake ja wa.

Ta yaya zan tabbatar rabuwar ta yi da gaske?

Gwada da hannunka, minti biyar ya isa. Hau waifai na ɓangaren baƙi da wayarka, kashe data, ka rubuta adireshin rautarka ta ciki, a misalinmu 192.168.20.1. Bai kamata ya buɗe ba. Rubuta adireshin firintarka ko na akwatin kyamara, shi ma haka. Sannan rubuta adireshin WAN na rauta ta biyu, wanda ka gani a shafin Status. Idan shafin shiga ya fito, damar sarrafawa daga waje tana kunne, koma ka kashe ta. Manhaja irin Fing tana jera duk na'urorin da ke sadarwar da kake kai: idan ka ga wayar uwargida a jerin ɓangaren baƙi, ko dai kebul yana cikin LAN, ko wayar tana tuna tsohon waifai tana komawa kansa da kanta, sai a goge shi daga cikinta.

Daga ɓangaren ciki kuwa, idan ka rubuta adireshin wani abu da ke kan rautar farko zai buɗe, kuma haka ya kamata. Abu na ƙarshe da za ka leƙa shi ne IPv6, sabon tsarin adireshi, a saitin rauta ta biyu. Idan yana kan Passthrough ko Bridge, irin waɗannan adireshin suna wucewa kai tsaye ba tare da sun bi ta shinge ba. Kashe shi a kan ta biyun, ka sake gwajin daga farko.